Kada a Tashi Arka

Ka gan ta, kada ka ce mini ba ka gan ta ba. Ke ma kin gan ta. Ranar Lahadi, a gidan cin abincin nan na saman babban kanti, tana tsaye bayan kujerar yaro da yunifom ruwan hoda, cokali a hannu, jakar madara a kafaɗa, iyayen yaron na cin gasasshen kifi suna latsa waya. Ka dubi yaron ka ce, "Masha Allah, wannan kumatu haka!" Wadda ta tara kumatun nan cokali-cokali kuwa, idonka ya bi ta kanta ya wuce kamar ginshiƙin gini. To yau sai ka tsaya ka dube ta. Sunanta Turinah, daga wani ƙauyen manoman albasa a gefen Brebes, ko da yake a gidan da take aiki a kudancin Jakarta ba mai wahalar da bakinsa da wannan suna. Sus ake ce mata, kamar kowace mai raino.

Uwar ɗakinta, Bu Anindya, mace ce mai ilimi da tausasan kalamai. Ba ta taɓa ɗaga wa Turinah hannu ba, kuma tana son a san da haka. In baƙi suka zo takan dafa kafaɗarta ta ce, "Ai Sus ta zama 'yar gida." 'Yar gidan tana kwana a kan katifa a ƙasa kusa da gadon yaro, ƙarƙashin kyamara, katin shaidarta kuma yana cikin durowar Bu don kada ya ɓace.

Ba abin da ke hana Bu Anindya sukuni kamar tarbiyyar ɗanta Arka, ɗan shekara uku. Tana cikin wani zauren iyaye mata a waya inda ƙwararru ke zubo shawara safe da yamma, kowace shawara kuma in ta faɗo, a kan Turinah take sauka. Kada a goya shi da zane, ƙafafunsa za su gwame. Kada a yi masa Javananci, yaren ƙauyensu Turinah, harshensa zai lalace. Kada a sumbace shi, akwai ƙwayoyin cuta. Uwar dokokin duka kuwa ita ce ta barcin rana. Wata ƙwararriya ta ce a barcin rana ƙwaƙwalwar yaro ke ginuwa, wanda ya katse shi ya katse wa yaro makoma. Shi Arka bai saurari ƙwararriyar ba. Abin da ya sani shi ne ba ya runtsawa sai ya damƙi kunnen Turinah na hagu yana murzawa. Haka makomar ɗan manya ta zo ta rataya a kunnen 'yar ƙauye.

Ita ma Turinah tana da 'ya, Sekar. Ta bar ta wajen mahaifiyarta tana fara haɗa magana. Sallar farko ba a bar ta ta je gida ba saboda Arka jariri ne. Ta biyu yana haƙori. Yanzu ga azumi ya raba tsakiya, Jakarta ta fara ɗaure kaya, kowa zai nufi garinsu.

A kicin ta tarar da Bi Enok, tsohuwar mai girkin gidan, tana ɗaure kwali da igiya.

"Ke har yanzu ba ki buɗe baki ba?" in ji Bi Enok.

"Jira nake Bu ta sha ruwa kafin in roƙe ta zuwa gida, Bi, ranta ya yi sanyi."

"Ya yi sanyi! Yarinya, wannan ranta a firji yake kwana. Ni da na ce zan tafi, cewa ta yi to, akwai masu kawo abinci a babur. Direba ya ce zai tafi, ta ce to, maigida ya iya tuƙi. Ke ce kunnenki ba a sayar da irinsa a kanti. Ga wuƙa can, yanke musu shi ki bar shi a kan matashi, ki zo mu hau bas."

Turinah ta yi dariya.

Bayan shan ruwa ta je falo ta durƙusa a gefen kujera. Bu Anindya ta saurare ta har ƙarshe, kanta a karkace, fuskarta cike da tausayi. Ta ƙware a sauraro, har kwas ta yi a kansa.

"Sus, ni ma uwa ce, na fahimce ki ƙwarai," ta ce. "Amma ki duba shekarun da yake ciki. An ce yaro in aka raba shi da wanda ya saba da shi kwatsam, tabon yana bin sa har girma. Za ki so ki yi wa Arka haka?"

"A'a, Bu."

"Na san ba za ki so ba. Shi ya sa nake yabon ki a gaban kowa."

Tabon da ke bin yarinyar da aka raba da uwarta tana shekara biyu, wannan ƙwararru ba su kai ga bincikensa ba tukuna.

Maigidan, Pak Danu, mutum ne mai son a zauna lafiya. Ya ɗago daga wayarsa ya ce, "Ai abin mai sauƙi ne. Ba garin Solo za mu je Sallah wajen Eyang, mahaifiyata, ba? A mota za mu tafi, babbar hanya kuma ta bi ta Brebes. Sai mu ratse, ta ga 'yarta, su gaisa, mu wuce."

Bu Anindya ta tafa hannu. "Kin ji, Sus? Har ƙofar gida, cikin mota mai sanyi. Faɗa mini gidan da ake yi wa mai raino haka."

Turinah ta yi godiya har tana tuntuɓe da kalmomi. Ta fita bayan gida ta kira mahaifiyarta.

"Mak, zan zo! Da su Bu za mu biyo, za su tsaya."

"Allah mai iko! Sekar, zo ki ji, uwarki za ta zo!" Sannan tsohuwar ta ce, "Nduk, 'yata, kada ki sa manyan mutane su shigo lungunmu, hanyar duk laka ce. Mu za mu fito. Akwai rumfar mai ƙwan agwagwa a bakin inda motoci ke sauka daga babbar hanya. Nan za ki same mu."

"Mak, ta kai ina yanzu? Riga zan saya mata."

"Ta wuce ƙuguna."

Ranar kasuwar unguwa Turinah ta ɗauki wata riga rawaya mai fulawowi, ta auna ta a jikin Arka, ta ƙara taƙi ɗaya da hannu, ta ce a ba ta wadda ta kai nan. Ta ninke ta ta sa a ƙasan jakar madara, domin ita ce jakar da ba ta rabuwa da kafaɗarta.

Jajibirin Sallah suka kama hanya da sassafe, su da rabin mutanen Jakarta. Motoci sun cushe kamar shinkafa a tukunya. Pak Danu na tuƙi yana tsaki, Bu Anindya na gaba tana aika wa zauren iyaye hotunan cunkoso, Turinah na baya kusa da kujerar yaro. Arka ya ƙi madara, ya ƙi biskit, ya ƙi waƙa. Ya yi kuka har muryarsa ta dushe. Lokacin barcinsa ya zo ya wuce, idonsa biyu.

"Sus, ki yi wani abu mana," in ji Bu. "Lokacinsa ya wuce fa. Duk tsarin da muka gina zai rushe."

Turinah ta kwantar da kanta a gefen kujerarsa ta miƙa masa kunne. Ya ture. Ta sake miƙawa. Rana ta take tsaka, cunkoson ya saki, mota ta fara gudu sumul, gonakin albasa suka fara bayyana dama da hagu, layi-layi tsakanin ruwa, da mata masu faffaɗan malafa a sunkuye. Ko gilas a rufe Turinah ta ji ƙamshin garinsu. A daidai wannan lokacin ɗan ƙaramin hannu ya laluba ya kama kunnenta. Ya murza sau biyu. Numfashinsa ya yi nauyi.

"Alhamdu lillahi," Bu Anindya ta raɗa.

Koren allo ya taso daga nesa da sunan Brebes a jiki. Wayar Turinah ta fara ɓari a aljihunta.

"Pak," ta ce a hankali, wuyanta a karkace, "nan gaba ne ake ratsewa."

Pak Danu ya kunna fitilar hagu. Matarsa ta ɗora hannu a kan nasa.

"Yanzun nan ya kwanta," ta raɗa. "Ka san halinsa, mota na tsayawa zai farka."

"Na yi mata alkawari."

"Ai ban ce a fasa ba. A dawowa. Brebes guduwa za ta yi?" Ta juyo da murmushi. "Sus, ke kin fi kowa sanin wahalar da ya sha yau. A dawowa ma tsaya a natse, har mu sha shayi da Mak ɗinki. Ki kashe wayar nan, tana ƙara."

Wayar ba ta ƙara, ɓari take yi. Amma Turinah ta lalubo ta danne ta.

Ta san abin da za ta iya. In ta fizge kanta sau ɗaya, kunnen zai suɓuce, yaron zai tsala ihu, doka ta karye, sai a ratse. Motsi ɗaya tak. Ta fara janye wuyanta kaɗan-kaɗan, yatsun yaron suka fara zamewa. Sai ta haɗa ido da Bu Anindya ta madubi.

"Sus."

Kalma ɗaya, cikin taushi. Turinah ta mayar da kanta inda yake. Hanyar ratsewar ta zo ta hannun hagu, ta buɗe baki, ta wuce. Pak Danu ya kashe fitilar. Da gefen ido, ta saman kan yaron, ta hango rufin kwano na rumfuna can ƙasa da mutane ƙanana-ƙanana a tsaye. Ba ta iya juyawa ta tantance ba, kunnenta na bakin aiki.

Arka ya yi barci mai kyau ƙwarai, ƙwaƙwalwarsa ta ginu. Sai da suka wuce Pekalongan ya farka yana dariya. A wurin hutawar matafiya, bayan ta canza masa kaya ta ba shi abinci, Turinah ta raɓe bayan masallaci ta kunna waya.

"Mak, mun wuce. Yaron ne ya yi barci."

Tsohuwar ta ce, "Ba komai, Nduk. Aiki ne."

"Tun yaushe kuke nan?"

"Tun hantsi. Kawunki ya kawo mu a babur ya koma. Na ce wa Sekar baƙar mota ce, to sai ta hau benci, duk baƙar motar da ta sauko sai ta ɗaga mata hannu. Mai rumfar har ya ba ta ƙwai." Ta yi tari, da azumi a bakinta. "Na soya wa uwar ɗakinki albasa kwalba guda. Zan ajiye. Yaushe ne dawowar?"

"Bayan Sallah, Mak. Ta ce har shayi za ta sha."

"To sai in ari kofuna masu kyau."

Gidan Eyang, mahaifiyar Pak Danu, ya cika da dangi. Turinah ba ta je Idi ba, sai da wani ya zauna da Arka kada rana ta buge shi. Da aka sauko, gida ya gauraye da ƙamshin kaza da madarar kwakwa, aka zaunar da Eyang a kujerar tsakiya, 'ya'ya da jikoki suka yi layi a kan gwiwa, kowa ya kifa fuska a cinyarta yana neman gafarar abin da ya yi a fili da wanda ya ɓoye a zuci. Aka yi hawaye, aka rungumi juna. Al'adarmu ce mai kyau, ba na musu. Shekara guda ta laifi, a wanke ta kafin a zuba abinci.

Bu Anindya ba ta manta da na ƙasa da ita ba. Ta ratso falo, idonta jajir, ta kama hannayen Turinah biyu a gaban kowa.

"Sus, ki yafe mini duk abin da na yi miki, na fili da na ɓoye."

Wata gwaggo ta ce, "Kun ga surukar kirki. Har mai raino take roƙa."

Me Turinah za ta ce? Wannan roƙo amsarsa ɗaya ce, ba a taɓa tanadar masa ta biyu ba. Ga kuma rigar rawaya a ƙasan jaka, ga hanyar dawowa na gaba. Ta sunkuyar da kai.

"Na yafe, Bu. Ni ma a yafe mini."

"Na yafe miki, Sus, har zuciyata." Bu ta share hawaye, ta gyara mayafi. "Af, kafin in manta. Ki ware kayan Arka a ƙaramin akwati. Ni da ke da shi jirgi za mu bi. Wannan doguwar tafiyar ta wahalar da shi, ba zan sake saka shi a ciki ba. Pak zai taho da mota daga baya."

Turinah ta ɗago. "Jirgi, Bu?"

"Jirgi! Ba ki taɓa hawa ba ko? Ke kam kin yi goshi. Zan ba ki wajen taga, ƙila ma ki hango garinku."

Pak Danu, wanda ke cika faranti a kusa, ya so ya ƙara wa kyautar daraja. "Ki gode mata, Sus. Kin san kujerar jirgi a makon Sallah. Tun farkon azumi ta kama su, da ƙyar."

Matarsa ta harare shi. Ya mai da hankali kan kazarsa.

Tun farkon azumi. Ko yaron goye a ƙasar nan ya san ba a samun kujera a makon Sallah da daddare a wayi gari. Ashe tun kafin Turinah ta durƙusa a falo, tun kafin a ce a dawowa, katinta ya fito daga durowa ya yi aikinsa na yankan tikiti ya koma.

"Bu," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa, "yafiyar da na yi ɗazu, har da wannan a ciki?"

Sai Bu Anindya ta fashe da dariya, dangi suka taya ta.

"Kun ji Sus ko? Akwai ta da barkwanci! Je ki ba shi abinci, lokacinsa ya yi."

Da la'asar ta sami inuwar bishiyar mangwaro a bayan gida ta kira kawunta ta bidiyo, Arka na saɓe a ƙugunta domin ya ƙi sauka. Fuskar Mak ta fito, ta ji bayani, ta gyaɗa kai kawai. A bayanta, kan tebur, ga kofuna masu bakin zinare a jere. Sannan aka turo wata doguwar yarinya gaban waya, sanye da rigar bara da ta ɗage mata.

"Sekar, Nduk, ni ce. Barka da Sallah. Kin ga rigarki?" Turinah ta zaro ta da hannu ɗaya ta warware. Tun kafin ta gama warwarewa ta ga ba za ta shige ta ba.

Yarinyar ba ta dubi rigar ba. Arka take kallo, wanda ya kwantar da kai a kafaɗar Turinah, hannunsa na laluben kunne.

"Ki nemi gafarar uwarki mana, yau Sallah," in ji Mak.

"A yafe mini," Sekar ta faɗa kamar karatun allo. Ta ɗan yi tunani, sai ta ƙara da ladabin da kakarta ta koya mata ta riƙa yi wa baƙi: "Ki gaishe da ɗanki."

Ta sauka daga benci ta tafi wasa.

Bu Anindya ta rubuta a zauren iyaye cewa tafiya da yaro ba ta da wuya in an riƙe tsari. An yi ta tura mata hoton zuciya. Rigar rawaya tana nan a ƙasan jakar madara, an ce wa Turinah in Allah ya kai mu baɗi, lokacin Arka ya shiga makaranta. Na ji ana cewa shekarar farko ta makaranta ma lokaci ne mai hatsari ga ƙwaƙwalwar yaro.

Kada ka girgiza kai kana cewa wannan mata ba ta da imani. Ta fi ka iya magana ne kawai. Ni na gaji da jin "ai ba ma dukan ta", kamar rashin duka wata lambar yabo ce. Na gaji da "ai 'yar gida ce" daga bakin mutanen da ba su san sunan 'yarta ba. Kun karanta littattafai a kan abin da rabuwa ke yi wa yaro, kun haddace, sannan kuka ɗauki uwar wani yaron kuka kulle a ɗakin naku don kada naku ya ɗanɗana.

Wata Sallar na tafe. Ka ajiye wannan takarda yanzu, ka tashi ka je ɗakin yara. Ka tambaye ta sunanta na gaskiya, ka tambaye ta sunan wanda ta baro. Ka buɗe durowa ka ba ta katinta a hannu, ka yanka mata tikitin bas tun kafin kujeru su ƙare, kuma kada ka kuskura ka nemi gafararta sai ta je ta dawo. Ke kuma uwar yaro, kada ki ce mini ba ya barci sai da ita. Kunne biyu Allah ya ba ki. Ki kwanta kusa da ɗanki, ki miƙa masa ɗaya.